Ɗan Akisi

Iya, wadda ta haifi babana, ba ta iya zama irin na tsofaffi ba. Ko a bakin wuta ne, za ka gan ta a gefen 'yar kujerarta kamar wadda aka ce yanzu za a kira, fuskarta kullum wajen ƙofar zaure. Gidan ƙanenta da muka sauka a Matamaye yana bayan tasha ne, duk motar da ta tsaya sai mun ji. Da ta ji tsayuwar mota sai ta yanke magana, ko a tsakiyar kalma ce, ta kasa kunne har takun mutane ya wuce ƙofarmu. Sannan ta ce, "Ina muka tsaya?" Mu kuwa haushi kamar ya kashe mu.

Babana take jira. Kowa ya sani, ba mai faɗa. A Abijan muka baro shi lokacin da yaƙi ya tashi aka shiga farautar baƙi, ni da ita da Innata da ƙanena yana goye, ina 'yar shekara bakwai. An ce zai biyo mu a motar baya. Motar baya ta zo, ta bayanta ma ta zo, ba shi.

Lokacin ɗari, da an idar da magariba sai mu tara karan gero a tsakar gida mu hura, mu da 'ya'yan gidan. Wani da guntun rakensa, wani ya tura dankali cikin toka yana gadinsa da ido. Iya ba ta yin tatsuniyar dabbobin dawa. Ta ce ita ta ga abin da ya fi su da idonta, me za ta yi da ƙarya? Yadda take buɗe hira ma nata ne ita kaɗai. Sai ta ce, "Jirgi ya yi kuka a bakin teku." Mu amsa, "Allah ya sauke shi lafiya." Daga nan mun bar Matamaye ke nan.

Kullum gida ɗaya take kai mu, gidan haya a unguwar Tireshbil, inda kakana ya kai ta tana amarya daga Tsauni. Ɗakuna ne jere sun kewaye tsakar gida, da mangwaro guda a tsakiya da famfo guda a gindinsa. Ta ce tun kafin asuba bokitai ke yin layi, masu su na barci, kuma kowa ya san bokitin kowa. Ka kuskura ka gusar da na wata, ranar za ka sha zagi da yare huɗu. Akwai Mosawa masu dakon buhuna a tashar jiragen ruwa, akwai Julawa teloli, akwai 'yan ƙasa, ga mu Hausawa. Kukan jirgin safe shi ne agogon kowa. Da rana tsakar gidan ta mata ce, wannan na daka, waccan na ƙyafe kifi, hayaƙi na shiga wankin kowa, a yi faɗa a shirya kafin maza su dawo. Da Sallar Layya nama sai ya shiga kowane ɗaki, da Nowel, wato Kirsimeti, kuma shinkafa da kaza su fito daga ɗakunan Kirista, kajin ma kakana suke kawo wa ya yanka don kowa ya ci. In ruwan sama ya cika gidan, wanda ɗakinsa ya fi tudu shi ke kwana da yaran kowa.

Kakana garba yake sayarwa a ƙofar tashar jiragen, wato aceke, garin rogon nan da ake turarawa kamar dambu, da soyayyen kifi da barkono. Kifin kuwa daga hannun wata maƙwabciyarsu yake saye, Akisi, 'yar ƙabilar Bawule, ƙatuwar mace mai murya kamar ta maza, wadda Allah bai ba haihuwa ba. In Iya ta zo kan Akisi sai ta miƙe tsaye, ta riƙe ƙugu, ta buɗe ƙafafu ta kwaikwayi tafiyarta. Mu yi ta birgima.

Labarin da muka fi roƙo shi ne na ranar da Akisi ta kai Iya ƙara.

Iya ta haifi ɗanta na fari a gidan nan, ba uwa kusa ba gwaggo. Ta kuwa yi masa kunyar ɗan fari yadda aka koya mata a Tsauni, ba ta rage komai ba. Ba ta faɗin sunansa. Ba ta yi masa wasa. In za ta ba shi nono gaban mutane sai ta kau da kai. Ya faɗi ya fasa leɓe, tana kallo ta wutsiyar ido, amma ba za ta ruga ba sai wata ta ɗauke shi. A garinmu kowa zai ce ga yarinya mai tarbiyya. Akisi kuwa da ta gama kallon wannan abu, sai ta yanke a ranta cewa yaron nan sato shi aka yi.

Ran nan ta tara mutanen gida kaf a gindin mangwaro, ta sa Baba Wedrago, dattijon Mosawa da ke raba gardamar gidan, ya zauna a kan turmi. Ta ɗaga yaron sama ta ce a tambayi matar nan ɗan wane ne. Aka tambayi Iya. To ta yaya za ta buɗe baki gaban maza ta ce nata ne? Sai ta ja mayafi ta rufe fuska. Gida ya ɗauki salati. Aka aika aka kira kakana daga wajen sana'a, ya zo hannunsa duk mai, aka ce masa wannan ɗan wane ne. Shi ma ɗan farinsa ne, shi ma kunyar ce. Ya sosa ƙeya ya ce, "Yaron gidan nan ne." Akisi ta ce kun ji ko, a kira 'yan sanda. Sai da aka ɗauko wata tsohuwa Bahaushiya daga maƙwabta ta yi musu bayani da Julanci, Baba Wedrago ya yi dariya har ya zamo daga kan turmin.

Akisi ba ta yi dariya ba. Nan Iya kan sassauta murya. Ta ce Akisi ta daɗe tana kallonta, sannan ta ce, "Ku Allah ya ba ku kuna jin kunya. Ni ba ni da kunya. Ki ba ni shi."

"Na ce ɗauki," in ji Iya. "Da a gida ne ma ai kakarsa za a kai wa. A can wa nake da shi?"

Tun daga ranar yaron ya koma ɗakin Akisi, ƙofa na kallon ƙofa. Ita ta goya shi zuwa bakin teku sayen kifi, ita ta kai shi lakwal, wato makarantar boko, ita ke tsayawa tsakar gida ta ƙwala masa kira da cikakken sunansa har unguwa ta ji. Kuma ita ce ke kora shi makarantar allo da bulala, tana cewa ba za a ce ta lalata ɗan Musulmi ba. Iya kuwa duk ranar da ta yi miya mai kyau, tsokar da ta fi girma a kwanon Akisi take sa ta, don ta san bakin da za ta shiga. Shi ne babana. A duk hirarrakin nan Iya ba ta taɓa ce masa komai ba sai "ɗan Akisi". In ta gaji sai ta tafa hannu ta ce famfo ya ɗauke, kowa ya ɗauki bokitinsa, mu watse.

Labaranta duka a wuri ɗaya suke tsayawa, kafin yaƙi. Ni kuwa abin da ya biyo baya ne ke cina, don ina wurin. Ranar da za mu taso, babana ya cusa mu cikin kar, babbar motar fasinja, a tasha, ya ce zai koma ya duba Akisi, wadda ciwon ƙafa ya kwantar tun kafin rikicin, ya dawo kafin a tashi. Tashar ta cika maƙil, kowa na kiran nasa. Ina kan cinyar Iya, ƙunshin kaya ya danne ni, ba na ganin waje. Mota ta fara motsi. Sai na ji jikin Iya ya sandare, ta tura kai ta taga tana cewa, "Kai! Kai yaro! Kai!" Jijiyoyin wuyanta kawai nake gani. Ta gan shi a bakin ƙofar tasha. A wurin da mutum dubu ke ihu, wane ne ba kai ba, wane ne ba yaro ba? Innata na can ɗaya gefen da goyo, kafin ta gane abin da ake ciki mun hau titi.

Na girma da wannan abu a raina. A gidanmu ba mai faɗin sunan babana. Iya ba ta faɗa don ɗan fari ne, Innata ba ta faɗa don miji ne, mu ba ma faɗa don uba ne. Mutum ya ɓace, sunansa ma an bi shi an rufe. Wallahi har tsoro nake ji kada wata rana in farka in tarar na manta shi.

Wani ɗari, ina wajen shekara goma, Iya na tsakiyar labarin gindin mangwaro, an kai daidai inda kakana ke sosa ƙeya, sai mota ta tsaya a tasha. Iya ta kasa kunne yadda ta saba. Muka jira, takun ya zo ya wuce. Ban san lokacin da maganar ta fito daga bakina ba.

"Da kin kira sunansa ran nan, da yanzu ba ma sauraron mota."

Innata ta taso daga bakin murhu da hannu a sama. Iya ta ce ta bar ni. Ta ɗauki kara ta gyara wutar, ta daɗe tana gyara abin da bai lalace ba.

"Tun da aka haife shi ban taɓa ce masa komai ba sai kai," in ji ta. "Duk faɗin Abijan, kai ɗina guda ne, kuma ya san shi. Ya ji ni. Na ga kafaɗarsa ta ɗaga."

Na ce to me ya hana shi juyowa.

"Ba jaka a hannunsa, ƙawata. Ba shiga mota ya zo yi ba, zuwa ya yi ya ga mun tashi. Akisi na kwance, ba mai ba ta ruwa. Ni na ba ta shi, gaban mutane, ban ce aro ba."

Dankalin wani ya ƙone a toka, muna jin ƙaurinsa, ba wanda ya ciro. Can Iya ta ce, "Ina muka tsaya?" Wani yaro ya ce wajen 'yan sanda. Ta ɗora daga nan, har da kwaikwayon faɗuwar Baba Wedrago.

Har Iya ta rasu ba ta daina sauraron mota ba. Da ƙura ta lafa, 'yan garinmu masu zuwa Abijan sun nemo mana gidan. Sun ce an rushe shi an yi shaguna, mangwaron ma babu. Ba wanda ya san inda Akisi ta yi, ba wanda ya san inda ɗanta ya yi.

Yanzu na kai shekarun da Innata take da su a lokacin, kuma har yau maganar nan ba ta bar ni na huta ba. Wata rana in ce gaskiya Iya ta faɗa, uwa ba ta ɓata kafaɗar ɗanta. Wata rana in ce abin da ta ƙera wa kanta ne don ta samu ta iya haɗiye tuwo. In bai ji ba, kunya ce ta raba ni da ubana. In ya ji, to shi ya zaɓa, ya bar ni da ƙanena ya koma wajen matar da ta goya shi, kuma ban isa in ce ya yi laifi ba, don a gidan da ya tashi haka ake yi, ba a barin na kwance. Ban san wanda ya fi mini sauƙi ba. Abin da na gane kawai shi ne Iya ta so ɗanta so mai tsanani, ta hanyar da aka koya mata, kuma hanyar ba ta da murya.

Da na haifi ɗana na fari, maigidana ya sa masa sunan babana don ya faranta mini. Nan da nan dangi suka laƙa masa Abba, Innata na ce masa maigida, aka sake rufe sunan. Ni na ƙi. Lawali nake ce masa, gaban surukata, gaban kowa. Matan unguwa na cewa 'yar Abijan ba ta da kunya. Su faɗa.

Hutun da ya wuce na raka shi tasha zai je Damagaram wajen ƙanena. Ya yi gaba da 'yar jakarsa cikin mutane, har ya kusa ƙofar mota. Na ɗaga murya yadda duk tashar za ta ji.

"Lawali!"

Ya juyo, ya dawo da gudu yana tambaya ko ya manta wani abu ne. Na gyara masa wuyan riga na ce ba komai, ya tafi kada motar ta cika. So nake kawai in ga ya juyo.