Duwatsun Cikin Jirgin Jerko

Shekara arba'in Jerko yana sassaƙa jiragen katako masu tafiya da iska a tsibirin Murter, bai taɓa yin mai kyan gani ba. Nasa masu faɗin ciki ne, ga duwatsu jere a ƙasansu. Masunta suna kiransu shanun Jerko, shi kuwa bai fasa jera duwatsun ba. Ƙanensa Roko ya taɓa fita teku a jirgi marar nauyi, har yau ba a ga gawarsa ba.

Ranar da Lovre, mijin 'yarsa, zai kai man zaitun zuwa birnin Zadar a ɗaya daga cikin jiragen, sai ya kwashe duwatsun don ƙarin ganga biyu su shiga. Jerko ya sauke gangunan, ya shiga mayar da duwatsun ɗaya bayan ɗaya, yana nishi.

"Haba Baba, dutse zan kai kasuwa?" in ji Lovre. "Ko mutanen Zadar cin sa suke yi?"

"Ganga tana birgima, dutse yana zama inda na sa shi. Ba zan jefa 'yata cikin takaba ba."

Da la'asar, Lovre yana tsakiyar teku, iska ta faɗo daga tsaunuka. Sau uku jirgin ya kwanta har ƙyallensa mai kama iska ya sha ruwa, sau uku nauyin ƙasan nan ya miƙe da shi.

Bayan kwana biyu Lovre ya dawo, gishiri ya farfasa masa leɓe. Ya tsaya gaban surukinsa. Jerko ya tura masa bakin katakon da yake sassaƙawa.

"Riƙe min nan."