Firjin Gidan Binne-Sanda

Kowa a unguwar, Binne-Sanda yake ce masa, har sunansa na yanka ya ɓace. Mai wayarin ne, shekara talatin yana ja wa gidaje wuta, kuma wa'azinsa ɗaya ne: gidan da ba a binne masa sandar jan ƙarfe a ƙasa ba, tarko ne.

"Ƙafa shida za ta nutse," in ji shi. "A zuba gawayi da gishiri a ramin, a jawo koriyar waya mai kauri daga akwatin wuta a ɗaure mata tamau, a riƙa ba ta ruwa. In wuta ta ɓalle, ta nan za ta bi ta shige ƙasa, ba ta jikinka ba. Haka doka ta ce!"

Ko gaisuwar mara lafiya ya je, sai ya zagaya ta bayan gidan ya duba sanda tukuna.

To, mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi. Gidan Binne-Sanda ba sanda. Firjinsu kuwa cizo yake yi, duk wanda ya taɓa shi ƙafa ba takalmi sai ya yi rawar da bai shirya ba. Silifas na roba guda aka ajiye a gabansa, kowa ya saka kafin ya buɗe. Matarsa ta yi magana har bakinta ya gaji.

"Ranar Asabar," yake cewa. Asabar nawa ta wuce, Allah kaɗai ya sani.

Ran nan ya je sabunta lasisi. Jami'in ya ce sai ya auna aikinsa guda ɗaya da idonsa, in ya faɗi, ba lasisi.

"Wanne ya fi kusa? Ai gidanka ma ya isa. Mu je."

Binne-Sanda ya shiga kame-kame. Lasisin nan shi ne abincin gidansa, shi ne mutuncinsa. Ya ce hanyar ba kyau, ya ce akwai kare, ya ce makullin yana wajen matarsa. Jami'in ya tashi babur kawai.

Suna isa matar ta tarbe su, ta ga jami'i riƙe da na'urar awo.

"Sanda kuke nema? Ku biyo ni."

Binne-Sanda ya bi su yana tunanin matar nan yau ta gama da shi. Sai ga shi bayan kicin, inda take zubar da ruwan wanke-wanke, koriyar waya ta sauko ta bango ta kama kan sanda, ƙasar wajen jiƙe sharkaf. Jami'in ya jona na'urarsa, ya duba, ya sake dubawa.

"Kai! Ban taɓa ganin awo mai kyau haka ba. Malam, hannunka na da albarka."

Ya buga hatimi ya tafi. Binne-Sanda ya tsaya baki buɗe.

"Ke, wa ya yi wannan?"

"Zama da maɗaukin kanwa, Malam. Shekara talatin ina shan wa'azi, ko bango ne ai ya haddace. Na kashe babban makunni, na ɗauki gudumarka. Ƙafa shida, gawayi, gishiri. Wata uku ke nan."

"Wata uku! Kina kallona kullum ina saka silifas ina lallaɓa firji kamar mai satar nama?"

"Ina kallo. Daɗi ma yake min."

Ya buɗe baki zai yi faɗa, ta riga shi, muryarta ta sauka.

"Ranar da jikarka ta rarrafa ta dafa shi, ba ka nan. Ni na ji ƙararta. Ita ba ta da silifas, Malam."

Kunya ta rufe shi, irin wadda bai taɓa ji ba. Ya shiga kicin ya ɗauke silifas ɗin daga gaban firji, sannan ya cika bokiti ya fita ba sandar ruwa.