Yatsan Malama Taiba

Ni na fara gani, kafin likita, kafin masu biro. Ban taɓa zama aji ba, amma ranar da anka datse gulbi a Bakolori na ce tukunyarmu za ta rame. Ruwa ya ci gonata ta Maradun, ya ci kushewar ubana, bai ci ni ba. Anka ce ga shinkafa, ga alkama. To, ina waken fadama? Ina kifin da ambaliya take bar mana a gona? Ba wanda ya saurare ni sai Malama Taiba Dikko.

Ita jami'a ta je, ta karanto ilimin abinci da jikin ɗan Adam. Abokan karatunta sunka shige kamfanonin madara da manyan asibitoci. Ita ta dawo Talata Mafara. Kullum da hantsi tana bayan mashin, yau Bakura, gobe Damri, da ƙullin ƙuli-ƙuli da garin busasshen kifi. In ta shiga gida ta gama gaisuwa, sai ta ɗauki yaro, ta danna babban yatsanta a bayan ƙafarsa.

Ina tsaye ta yi wa Jibo, jikan Dada maƙwabciyata. Dada ta ce, "Malama, bar mini mijina, ƙiba ce, gadon gidanmu. Dubi kumatu!"

Malama ta ce, "Dada, mijin naki kumburi ya yi. Ƙiba ba ta riƙe sawun yatsa."

Munka duba. Ramin yana nan, ya ƙi cikowa. Yaro yana cikin buhunan shinkafa, yunwa tana cinsa, don farin kunu kaɗai ya sani. Malama ta tsuguna a murhun Dada ta dama kunu da gyaɗa da kifi da zogale, ta yi ta zarya har Jibo ya tashi. Da shekara ta kewayo, ƙanwarsa munka kai makwanci. Ranar nan Malama tana can wani ƙauye, ita kaɗai ce.

Ke ce mai yatsan gaskiya, Taiba. Ke ce kika shiga gidajen da motar gwamnati ba ta san hanyarsu ba. Kin tsufa a bayan mashin, ko waƙa ba a yi miki ba.

Yanzu an ce ta gama aiki, gwiwa ta ƙi. Na tambaye ta wa zai gaje ta. Ta ce, "Baba, wadda na koya wa ta samu aiki Abuja." Ta yi dariya, ni ban yi ba.

Mun gode, Malama, Allah Ya saka miki da Aljanna. Ku masu karanta abin da ta karanta, ko mutum guda ya dawo gida.

Wanda ya ce tsoho yana zuzutawa, ya zo Maradun ya same ni. Ba zan zaɓar masa gida ba. Ya ɗauki yaron da ya fi kumatu, ya danna bayan ƙafarsa da yatsansa, ya ɗaga. In ramin ya ciko, ya kira ni maƙaryaci a tsakiyar kasuwa.