Ranar da Ɗakinmu Ya Yi Yoyo

Ɗazu jikata ta kira sauro "nuisance", sai na tuno garinmu Ajingi, daminar da ta biyo bayan farin shekarar saba'in da uku.

Iri na ƙarshe Baba ya shuka, sai ruwa ya ɗauke har gero ya fara yaushi. Ran nan da la'asar sama ta ɓarke. Ɗakinmu ya kama yoyo, daidai kan tabarmar Yaya Sale da ya zo hutu daga sakandare.

Ya ja tsaki. "Wannan yoyo nuisance ne!"

Baba ya ce, "Me ke nan?"

"Turanci ne, Baba. Ɗan abin da ba ya kisa, amma ya hana mutum sakat."

Baba ya cire hula, ya tsaya ƙarƙashin yoyon. Ruwa na ɗiga a kansa yana gangarowa gemu, ya lumshe ido.

"Shekara biyu ina roƙon Allah Ya ba ni irin wannan damuwar."

Yaya ya matso ya tara hannu. A shekarar rumbunmu ya cika.

Ku fa, wane ɗan abin haushi kuka taɓa yin kewarsa?