Ranar da Surukina Ya Fara Jin Muryata

Agwagin garinmu ba sa kuka. Huci kawai suke yi, su kaɗa wutsiya su wuce. Abin da ake kira kukan agwagwa ban taɓa jin sa ba sai da aikin dam ɗin Bakolori ya zo, kuma a bakin mutum na fara jin sa. Mutumin kuwa mijina ne.

Lokacin shekarata ɗaya da aure, a wani ƙauye tsakanin Bakura da Talata Mafara. Maigidan ya samu aikin buɗe ƙofofin ruwa a babban kanal, wato hanyar ruwan nan ta siminti da aka ratsa gonakinmu da ita. Wata rana kukun Turawan da ke aikin ya ba shi ƙwai bakwai na fararen agwaginsu, na sa wa kazata mai kwanci. Da ta cika kwana ashirin da ɗaya ta ga shiru sai ta fara ƙosawa, na riƙa kife ta da kwando har aka yi mako huɗu. Shida suka fito. Wahalar nan tawa ce ni da kaza, shi ƙwai kawai ya ɗauko a hula.

Amma sai ya bushi iska ya ce marayu ne, ba su san yaren uwarsu ba, shi zai koya musu. Ashe in ya tashi aiki laɓewa yake a jikin shingen waya na gidan Turawan yana sauraren agwagi. Ya dawo ya tsugunna a tsakar gida, ya toshe hanci da yatsu biyu, ya kumbura kumatu. Kukan farko da ya yi, kamar akuya ta shaƙe da ƙwallon mangwaro. Kafin alwala ya yi, bayan tuwo ya yi, har maƙwabciyata ta leƙo ta katanga tana tambayar wa ke ciwon wuya.

"Malam, kai hwa magidanci na," na ce masa. "Mutane mi za su ce?"

"Saurara dai," in ji shi. "Wanga ya hi na jiya."

Abin haushin, ya fi na jiyan. Cikin mako biyu ya gwanance, 'yan agwagin suka watsar da kaza, suka watsar da ni mai jiƙa musu dusa, suka koma bin sa a jere har ƙofar bayi. Ya ce in zo ya koya mini, ba wuya, ta hanci ake yi. Na ce masa ni 'yar mutunci ce, wannan ƙara ba za ta taɓa fita daga bakina ba.

Mutuncin kuwa ina da shi. Surukina dattijo ne mai kwarjini, gidansa na jikin namu, kuma tun da aka kawo ni bai taɓa jin sautin muryata ba. In na je gaisuwa nakan durƙusa daga nesa, in kau da kai, in motsa leɓe. An ce har ya taɓa tambayar matarsa ko bebiya aka auro wa ɗansa. Da labarin ya zo mini daɗi na ji, don kunyar da aka koya mini a gida ke nan.

Wata safiya maigidan ya yi musu kukan sallama, ya hau keke ya tafi. Ina ɗaki ina shara, ban san sun bi ta rariyar katanga ba. Da na fito sai kaza kaɗai, tana ta zagaye. Na figi mayafi na fita, ko takalmi babu.

Na same su a cikin kanal, su shida, ruwa na tafiya da su. Gefen simintin santsi gare shi, in sun yunƙuro sai su sulale su koma. Can gaba akwai kwalbatin da ruwan ke nutsewa ya bi ta ƙarƙashin hanya, abin da ya shiga nan kuwa ba ya fitowa da rai. Kafin kwalbatin akwai wata 'yar matakala da ake ɗiban ruwa. Na ruga na sauka har ruwa ya kai mini gwiwa, na yi musu kiran kaji, na tafa hannu. Ko waiwaye ba su yi ba, suna can tsakiya inda hannu ba ya kai.

Na ɗaga kai don in ga ko da mai taimako. Surukina ne tsaye a bakin kanal, da fartanya a kafaɗa.

Wallahi sai da na yi tunanin in bar su su tafi. Amma ƙaramin cikinsu, wanda na ɓare wa ɓawo da farcena, shi ne a gaba. Na toshe hanci da yatsu biyu, na kumbura kumatu, na saki abin da na yi wata guda ina tsine wa. Ya fito da ƙarfi har na ji amsarsa a cikin kwalbatin. Na ƙara, na ƙara. Suka juyo a jere, suka nufo ni, na kwashe su ɗaya bayan ɗaya na zuba a mayafi.

Na hauro zanena yana ɗiga, na durƙusa, na kau da kai, na motsa leɓe kamar yadda na saba. Dattijon ya amsa gaisuwar nan tun daga kwana har gajiya da iyali, bai tsallake ko ɗaya ba. Sannan ya gyara fartanyarsa.

"To, alhamdu lillahi," ya ce. "Ɗiyata, ashe kina magana."