Wa Zai Duba Ƙafar Yunana, Malam Gidaɗo?

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safiyar Laraba, 16 ga Janairun 2019, Allah Ya karɓi ran Malam Gidaɗo, mutumin Gombe, a ɗakinsa na unguwar Satwa a Dubai, bayan gajeriyar jinya. Shi ne babbanmu a ɗakin sanyi na Al Quoz, inda muke jera kwalayen kaji da kifi cikin sanyin da ke daskarar da numfashi a gemu.

Malam, kowa ya baro gida yana zaton Dubai wuta ce zalla. Ni da silifa na sauka. Ranar farko ka kalli ƙafata ka ce, "Halliru, a nan sai mai yatsu goma ke cin albashi." Na ɗauka surutun manya ne, sai da na wuni a ciki na fito ina taka ƙasa kamar da ƙafar aro.

Babban faɗanka da mu a bakin famfo yake. Mu yi alwala, mu zura safa a kan danshi, mu koma cikin ƙanƙara muna ganin mun burge. Ka rataye tawul a wurin, ka tsaya a kanmu sai kowa ya goge tsakanin yatsunsa. Da Azahar ka tilasta mana sauya safa, domin gumin da aka kwaso a waje shi ke zama ƙanƙara a ciki. Ka tsani matsattsen takalmi. Ranar da ɗayanmu, Sabo, ya tsoma sandararrun ƙafafunsa a ruwan zafi, ka yi masa faɗan da har yau ko shayi ya gani sai ya janye ƙafa. Mun yi ta gunaguni a bayan idonka, ni ne kan gaba, amma ba wanda ya rasa ko farce a hannunka.

Abin da ke hana ni sukuni shi ne Yunana, abokin aikinmu mutumin Kaltungo, uban 'ya'ya uku. An ce jiki magayi, amma ciwon suga ya sa ƙafafunsa sun daina gaya masa komai. Ko ƙusa ya taka bai sani ba. Kullum aka tashi aiki sai ka ce, "Yalla, maza cire takalmi," ka durƙusa da furfurarka kana duba masa yatsu ɗaya bayan ɗaya. Kai Musulmi, shi Kirista, ban taɓa ganin ka yamutsa fuska ba.

Tun da muka binne ka ya ƙi yarda kowa ya ga ƙafafunsa. Tsoronsa kar a ce bai iya aiki a soke masa biza. Matarsa Tabitha tana kirana daga gida, ina yi mata kame-kame. Ni kuwa ina kallon yadda ya fara jan ƙafar hagu.

Jiya na tare shi a bakin ƙofa, na ce ba inda za shi. Sai ya zauna ya ce, "To duba, amma a hankali, yadda Baba ke yi." Na durƙusa na zare safar. A jiƙe take sharkaf, ƙaramin yatsan kuma ya yi baƙi. Gobe da safe zan kai shi asibiti, ko yana so ko ba ya so. Ban san abin da likita zai ce ba, Malam, kuma wallahi ina jin tsoro.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka kurakuranka, Ya saka maka da Aljanna Firdausi. Ga uwargida Murjanatu da 'ya'yanka da dukkan dangi a Gombe, muna miƙa ta'aziyyarmu, Allah Ya ba ku haƙurin rashi. Wanda duk ya karanta wannan, idan ya gama yi wa Malam addu'a, ya sa Yunana a ciki, Allah Ya bar masa ƙafarsa.