Farfesan da Gida Biyu Suka Haifa

Duk faɗin Urafane, daga bakin kasuwa har ƙarshen gonaki, ba wanda ya kai ni sanin tarihin Farfesa. Ko shi kansa ya tashi daga kabari, ni zai tambaya sunansa. Abin ya faro ne wata ranar kasuwa bayan yankan hatsi, shekarar da muke ajin ƙarshe a lakwal, wato makarantar boko. Malaminmu Mushe Idi ya shigo da hoton wani mai tabarau, ya manna a allo da ƙaro, ya ce wannan ɗan garinmu ne, masanin fizik da ya koya wa Turawa yadda tsawa ke sauka, ya rasu tun ba a haife mu ba. Sunansa Illa Nomau. Sai Habu, abokin zamana, ya ɗaga hannu ya ce gidansu ne gidan Nomau.

Daga ranar duniya ta juya mini baya. Habun da muke kalar gyaɗa tare, wanda bakwai sau bakwai ke kayar da shi kamar ɗan kokawa, shi ya koma buga ƙarfen shiga aji da ke rataye a itacen dogon yaro, shi ke riƙe maganaɗisu, har ɗebo wa matar Mushe ruwa aka yafe masa. Ƴan mata masu talla suna ƙara masa ƙuliƙuli. Ni kuwa ga tulu a ka, ga zuciya na tafasa, da an ɗora mini tukunya da wake ya nuna. Abin da ya ƙarasa ni, Mushe ya ce ranar da anspekter mai duba makarantu zai zo, jikan Farfesa ne zai tsaya gaban kowa ya ba da tarihinsa.

Na kai kuka wurin kakata Iya Tabawa tana sheƙar hatsi. Ta ce, "Wane Illa? Illa ai a rumbu ya kwana!" Wai zamanin da ake kama yara da ƙarfi a kai su lakwal, gidan Nomau suka ɓoye ɗansu, dogarin sarki ya damƙi ƙanenta Sanda yana kiwon awaki, aka shigar da shi da sunan Illa. Aradu ban san ƙafafuna sun taɓa ƙasa ba har gaban Mushe. Ya ce littafi ya ce Illa, rediyo kuma ta ce ma a Tasawa aka haife shi, in kawo shaida. Na kai wa tsohon maroƙin garinmu goro, ya rantse Sanda ne, da bakinsa ya yi shelar sunan. Da la'asar Habu ya kai masa ƙwaryar fura, ya rantse Illa ne, da bakin nan dai.

Sai na jawo Iya da kanta har cikin aji. Ta kai hoton bakin hancinta, ta daɗe tana kallo, ta ce kunnuwan nan na gidanmu ne. Na kumbura har rigata ta matse ni. Sannan ta ƙara da cewa, "Amma anya Sanda ne? Kamar shi Kano ya tafi cirani ya yi aure. Ko ƙanensa Tanko aka kama?" Dariyar da aka yi har jakunan kasuwa sun amsa. Ranar anspekter Habu ya ba da tarihi cikin sabuwar riga, ni aka sa ni yayyafa wa fili ruwa.

Yau ba Iya, ba maroƙi, ba Mushe Idi, dogon yaron ma an sare shi. Ƴaƴana suna duba mini a wayar salula: wani wuri Illa, wani Iliyasu, wani ya ce ba a san sunansa na yanka ba, kowa yana kwafar ɗan'uwansa. Gara maroƙinmu, shi ko ba komai ka san da me aka jiƙa masa maƙogwaro. Waɗanda za a tambaya sun tafi da abin da suka sani, har da wanda suka ƙara.

Ran kasuwar da ta wuce muna shan shayi da Habu, furfura ta cika mu, na sake tono maganar. Ya kurɓa, ya dube ni.

"Na bar maka shi, mai tulu. Amma in ɗan gidanku ne, da zai tafi lalle ya kwashe kan gidan duka, bai rage maka ko na cin jarrabawar sartifika ba."